"Ina gajiya? Ba gajiya": sharhi kan gajiyar da barci ba ya korewa

Daga Gaundare zuwa Garwa da Marwa, har ka isa Kusiri ka tsallaka gadar Ngeli ka shiga Njamena, gaisuwar ɗaya ce, ina gajiya, ba gajiya. Maƙwabtanmu Fulani ma haka, noy comri, comri walaa. Amsar a bakin mutum take tun kafin a gama tambayar, ko da kuwa wata uku kenan yana tashi da safe jiki kaman an kwana ana dukansa. Duk shekara idan damina ta ja baya za ka ga masu wannan kukan sun cika lopital da farmasi, kuma galibi abin da suke komawa gida da shi bai wuce uku ba, maganin palu (zazzaɓin cizon sauro), maganin taifod, sai kwalbar maganin ƙarin jini. Wasu su warware, wasu bayan sati biyu su dawo da karne ɗinsu na asibiti a hannu. Ga kuma ruɗanin da ya shigo tun da aka ƙaddamar da CSU, shirin gwamnati na kula da lafiyar kowa, a Kamaru, inda mutum zai ce ai wai an ce magani ya zama kyauta, to me ya sa aka rubuta min analiz huɗu aka ce in biya.

Wace gajiya ake nufi

Kalma ɗaya muke amfani da ita amma abubuwa uku ne a ciki, kuma likita yana son ya san wanne ne. Akwai kasala ko mutuwar jiki, mutum ba ya jin kuzarin yin komai tun da safe. Akwai haki, wato da ya ɗan yi tafiya ko ya ɗaga bokitin ruwa sai numfashi ya gagara, zuciya ta dinga bugawa. Akwai kuma gyangyaɗi, barci ya dinga fizgar mutum da rana tsaka yana zaune a shago. Na farko yana iya zama komai, na biyu ya fi nuna jini ko zuciya ko huhu, na uku kuwa yawanci barcin dare ne bai yi kyau ba.

Gajiyar wanda ya wuni a gonar masakwa ko kan moto daga asuba har isha ba ciwo ba ce, ya ci ya sha ya kwanta, gobe ya miƙe. Wadda ake magana a kai ita ce wadda hutu ba ya taɓa ta, ta wuce sati biyu zuwa wata, kuma ta fara hana mutum abin da ya saba yi ba tare da wahala ba. Irin wannan ba cuta ba ce a karan kanta, alama ce, kaman zazzaɓi. Shi ya sa babu wani abu a likitance da ake kira maganin gajiya.

Ƙarancin jini, da tambayar da ba a cika yi ba

Nan ne ya kamata a daɗe don shi ne ya fi yawa a wajenmu. Abin da ake nufi da ƙarancin jini ba wai ruwan jinin ne ya ragu a jiki kaman mai a tanki ba, a'a, jan sinadarin da ke cikinsa ne, hemoglobin, wanda ke ɗaukar iska daga huhu ya kai wa kowane sashe na jiki. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne ƙasa da giram 13 ga namiji baligi, ƙasa da 12 ga mace, ƙasa da 11 ga mai ciki. Hukumar ta ƙiyasta kusan kashi 30 cikin ɗari na matan duniya masu shekara 15 zuwa 49 suna da shi, a masu ciki kuma kusan kashi 37. A takardar analiz za ka gan shi a ƙarƙashin NFS. Alamunsa sanannu ne, jiri idan an miƙe, haki, ciwon kai, tafin hannu da cikin ido su yi fari, wasu matan kuma su dinga kwaɗayin ƙasa ko farar ƙasa ko ƙanƙara.

Matsalar ita ce da an ce wa mutum jininka ya yi ƙasa sai magana ta ƙare a nan, a sayi siro a tafi. Alhali tambayar ita ce ina jinin yake tafiya, ko me ya hana jiki yin sabo. Ƙwayar jan jini tana rayuwa wajen kwana 120 ne, kullum jiki yana cikin yin wasu, kuma yana buƙatar sinadarin ƙarfe don hakan. Ga mace, jinin al'ada mai yawa da haihuwa kusa da kusa su ne kan gaba, ciki na shiga kafin jiki ya mayar da abin da na baya ya kwashe. Ga yara da masunta da masu noman shinkafa a wajen Lagdo, Maga, Yagwa da bakin tafkin Cadi akwai tsargiya, fitsarin jini da wasu har yanzu suke ɗauka alamar balaga ce ga yaro namiji, alhali tsutsa ce da ke shiga ta fata a cikin ruwa, kuma maganinta Praziquantel ne da ake rabawa a makarantu. Akwai tsutsar ciki da ke shiga ta tafin ƙafa ta dinga tsotsar jini a hanji. Akwai palu da ke farfasa ƙwayoyin jinin kai tsaye. Akwai sikila.

Namiji babba kuwa, ko macen da ta daina al'ada, idan aka ce sinadarin ƙarfensa ya yi ƙasa to likitoci ba sa sakin maganar, don ba shi da wata hanyar zubar jini ta halitta. Sai a duba ciki, gyambon ciki ne, basir ne mai jini, ko yawan shan Diclofenac da Ibuprofen ne don ciwon jiki ya ci masa tumbi, ko kuma wani abu ne a hanji da ya fi waɗannan nauyi. Baƙin kashi kaman kwalta ga wanda ba ya shan maganin ƙarin jini alama ce ta jini na zuba a ciki.

Sai maganar abinci. Lemon malt da madara da ake haɗa wa mara lafiya yana ba da ɗan kuzari saboda sukari, amma madara ba ta da wani sinadarin ƙarfe na kirki, kuma jan launin zoɓo ko karan dafi ba shi ne jini ba. Hanta, nama, kifi, wake da ganye irin zogale su ne masu shi, kuma na nama jiki ya fi saurin ɗauka. Shayin da muke kurɓa daga gama cin tuwo, wanda a Cadi da arewacin Kamaru kusan farilla ne, yana rage yadda hanji ke tsotsar ƙarfen abincin, lemun tsami da gwaiba kuma suna ƙarawa. Ba a ce a daina shayi ba, a dai ba shi tazarar awa ɗaya ko biyu. Ƙwayar ƙarin jini ita ma ba ta kwana goma ba ce, ana ci gaba da sha wajen wata uku bayan jini ya dawo daidai don a cika rumbu, tana mai da kashi baƙi kuma wannan ba komai. Mai sikila dai kar ya sha ta sai an gwada, nasa ƙarancin ba na ƙarfe ba ne, yana ma iya yi masa yawa.

Palu da taifod, inda aka fi saɓani

Palu gaskiya ne kuma yana kisa, ba mai musu. Lokacinsa a arewa daga Yuli zuwa Oktoba ne, zazzaɓin da Fulani ke kira paɓɓooje, shi ya sa tun 2016 ake bi gida gida a jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya a watannin damina, kuma a Janairun 2024 Kamaru ta zama ƙasa ta farko da ta saka allurar rigakafin palu cikin rigakafin yara na yau da kullum. Bayan an warke ma gajiyar tana iya ɗaukar sati biyu ko fiye kafin ta saki mutum.

Inda ake ja shi ne babban mutum da ba zazzaɓi, gajiya ce kawai ta wata da watanni. Masu ba da maganin palu nan take suna da hujjarsu, cewa a wurin da cutar ta yi katutu kuma lopital na da nisa gara a yi maganin abin da ya fi kusa kuma ya fi saurin kisa. Ɗaya ɓangaren kuma na cewa manya da yawa a irin yankinmu suna yawo da ƙwayar palu kaɗan a jini ba tare da tana damunsu ba, sannan TDR, gwajin palu na nan take, yana iya ci gaba da nuna akwai har makonni bayan an gama magani. Kenan a ga palu a takarda ba ya nufin shi ne ya kawo gajiyar. Duka biyun suna da gaskiya, amma idan an yi magani sau biyu sau uku jiki bai canza ba to hujjar farko ta ƙare.

Taifod kuwa labarinsa ya fi haka. Gwajin da aka fi yi mana, Widal, tun 1896 aka ƙirƙiro shi, kuma ba ƙwayar cutar yake gani ba, sawun da garkuwar jiki ta bari yake gani, wanda zai iya fitowa ga wanda ya taɓa yi shekarun baya, ko wanda palu ke damunsa, ko ma lafiyayye. Gwajin da ke tabbatarwa shi ne a shuka jinin a ga ko ƙwayar za ta tsiro, sai dai ya fi tsada, yana ɗaukar kwanaki, kuma ba ko'ina ake yinsa ba, dalilin da ya sa ƙananan asibitoci suka riƙe Widal kenan. Taifod na gaske zazzaɓi ne mai zafi da ke hawa kwana da kwanaki yana kwantar da mutum, ba abin da ake zuwa kasuwa da shi wata shida ba. Wanda ake ce masa taifod ɗinka ne ya tashi duk bayan wata biyu yana shan maganin kashe ƙwayoyin cuta a banza, ainihin abin da ke damunsa kuma yana nan yana girma.

Mai jego da aka ce ai haka jego yake

Gajiyar mai jego kowa yana ɗaukarta dole, ga shayarwa ga rashin barci. Amma akwai abu biyu da ke ɓuya a nan. Na farko raunin zuciya ne da ke zuwa daga watan ƙarshe na ciki zuwa watanni bayan haihuwa, mace ta dinga haki, ƙafa ta kumbura, ba ta iya kwanciya sai ta tara matashi ko ta kwana a zaune, ga tari da dare. Ƙasar Hausa tana cikin wuraren da aka fi ganin wannan ciwo a duniya. Likitocin Zariya a shekarun 1970 sun danganta shi da wankan jego da kunun kanwa da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta, saboda gishirin kanwa da zafi suna ƙara wa zuciya aiki. Binciken da aka yi daga baya a Kano da wasu garuruwan Najeriya bai tabbatar da cewa al'adun ne sanadi ba, ya fi karkata ga ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyom da talauci da rashin abinci mai kyau. Abin da ba a saɓa a kai ba shi ne wadda ta riga ta fara kumburi da haki kanwa da gishiri suna ƙara mata, ƙarin ruwa kuma yana iya cika mata huhu.

Na biyu ya fi ɓuya. Macen da ta zubar da jini sosai wajen haihuwa, wani ɗan ƙullutu da ke ƙasan ƙwaƙwalwa mai ba sauran sassan jiki umarni yana iya lalacewa. Sai nono ya ƙi zuwa, al'ada ta ƙi dawowa, gashin hammata ya zube, ta yi shekaru cikin kasala ana cewa lalaci ne ko sammu. Ana gano shi da gwajin jini kuma yana da magani.

Masu shigowa ba sallama

Ciwon suga yana iya shekaru a jiki gajiya ce kawai alamarsa, kafin ƙishirwa da yawan fitsarin dare da rama su bayyana. Gwajinsa mai sauƙi ne, glisemi da safe kafin a ci komai, idan ya kai giram 1.26 a lita aka maimaita ya sake kaiwa to suga ne. Maƙoƙo ya ragu sosai tun da Kamaru ta wajabta saka aidin a gishiri a 1991, amma ƙullutun wuyan yana iya yin sanyin aiki ko da bai kumbura ba, mutum ya dinga jin sanyi ana tsakar zafin Afrilu, ya yi ƙiba ba dalili, ciki ya bushe, fata ta bushe. Idan kuma aikinsa ya yi yawa sai rama da gumi da rawar hannu. TSH ake rubutawa a duba shi, ya fi kama mata.

Ciwon hanta nau'in B ya kamata a tsaya a kansa kaɗan, don Kamaru da Cadi suna cikin ƙasashen da yake da yawa, kuma a Kamaru ya fi yawa a arewa. Yawancin masu ɗauke da shi tun suna jarirai ko ƙanana suka samu, daga uwa ko ta askar da aka yi wa mutane da yawa aiki da ita, kuma ba sa jin komai sai hanta ta fara gazawa. Ba ya bin gumi, ba ya bin cin abinci a kwano ɗaya, duk da yadda ake yaɗawa. Rigakafinsa ya shiga allurar yara a Kamaru a 2005, kenan duk wanda aka haifa kafin nan bai samu ba sai in shi ya nema. Gwajin AgHBs ne, kuma ba duk wanda aka gani da shi ne ke buƙatar magani nan take ba, wasu bibiya kawai ake yi. Jiƙe jiƙen shawara da ake ɗura wa irin waɗannan na iya ƙara wa hantar nauyi.

Ƙoda ma haka take, hawan jini da suga suna cinye ta a hankali, kireyatinin ake dubawa. Tarin fuka kuwa idan gajiya ta haɗu da tarin da ya wuce sati biyu da gumin dare da rama, maganinsa wata shida ne kuma kyauta. Sida, wato ƙanjamau, ita ma gajiya da rama na cikin alamunta, gwajin minti kaɗan ne.

Barci, zafi, da abin da ke cin rai

Daga Maris zuwa Mayu Garwa da Marwa da Njamena suna wuce digiri 40, ɗaki ya zama tanda, a ɗauke wuta, mutum ya yi juyi har ƙarfe biyu sannan ya tashi asuba. Babba yana buƙatar awa 7 zuwa 9, wanda ke samun 4 wata biyu a jere ba ya buƙatar analiz kafin a san abin da ke damunsa. Amma akwai mai kwana awa takwas ya tashi kaman bai runtsa ba, yawanci mai jiki ne mai minshari, numfashinsa yana ɗaukewa cikin barci sau da yawa bai sani ba. Matarsa ce za ta ba da labari ba shi ba. Wannan yana tafiya da hawan jini, kuma ga direban babbar mota a hanyar Gaundare zuwa Kusiri ba ƙaramin haɗari ba ne.

Ciwon damuwa a wajenmu ba kasafai yake zuwa da sunansa ba, mutum ba zai ce raina a ɓace yake ba, zai ce jikina ba ƙarfi, kaina na zafi, wani abu na yawo a jikina. Idan sati biyu ko fiye mutum ya daina jin daɗin abin da ya saba so, barci da ci suka rikice, to ana duba wannan ɓangaren. Yankin da ya ga gudun hijira a Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga da Logon da Shari, ya ga ambaliyar 2024 a Yagwa da Cadi, ba abin mamaki ba ne a samu masu shi da yawa. Iyalai da dama suna fara zuwa wajen malam ne don ruƙiyya, likitoci kuma galibi ba addu'ar suke ja da ita ba, jinkirin da ake yi kafin a zo a auna jini shi ne abin kukansu.

Maganin gajiya mai haifar da gajiya

Tramol ya shiga hannun 'yan moto da kalando da leburori da manoma da sunan maganin gajiya. Asalinsa maganin ciwo ne mai ƙarfi, dangin su morfin, na asibiti yawanci miligiram 50 ne ƙwaya ɗaya kuma ba a wuce 400 a yini, na bakin titi kuwa ana samun mai 120 har 225 da 250. Ba ya cire gajiya, yana hana jin ta ne, da ya saki mutum sai jiki ya mutu fiye da da, sai a ƙara, a haka har ya zama ba a iya tashi sai da shi, ga farfaɗiya da yake jawowa. Matan da ke shan Dexamethasone don ƙiba ko shafa man bilicin mai irin sinadarinsa su ma jikinsu yana daina yin nasa, ranar da aka tsaya kwatsam sai kasala da jiri, har tansiyo, wato ƙarfin bugun jini, ya faɗi. Shi ya sa ba a yanke shi lokaci ɗaya, likita ke ragewa a hankali.

Ƙarin ruwa kuma da ake roƙon ma'aikacin lafiya ya saka don a ji ƙarfi, leda ɗaya ta rabin lita mai sukari kashi 5 cikin ɗari giram 25 na sukari ne a ciki, kusan ƙwaya biyar na sukarin shayi. Yana da amfani ga mai amai da gudawa da ba ya iya sha, ga mai iya kurɓa da bakinsa kuwa kuɗi ne kawai suka tafi.

Idan analiz duk sun fito lafiya

Yana faruwa, kuma ba ya nufin mutum ƙarya yake. Akwai ciwon da ake kira gajiya mai ɗorewa, wanda ake ambata idan ta kai wata shida ta hana aiki kuma ɗan motsi kaɗan ya kwantar da mutum kwana ɗaya ko biyu bayansa. Wasu kuma tun da suka yi korona ba su dawo daidai ba. Ba gwaji ɗaya da ke nuna waɗannan, sai an kore sauran tukuna.

Abin da wannan ke nufi ga aljihu

CSU da ministan lafiya Manaouda Malachie ya ƙaddamar a Afrilun 2023 matakin farko ne, kuma kwandonsa yana da iyaka. Akwai ganin likita da maganin palu kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar, akwai cek sante, takardar kula da ciki da haihuwa, na sefa 6,000 ga mai ciki wanda dama jihohin arewa uku sun san shi tun kafin nan, akwai wankin ƙoda a sefa 15,000 a shekara, sai tarin fuka da sida. Magidancin da ya zo da gajiyar wata uku ba ya cikin waɗannan rukunai, shi zai biya NFS da glisemi da sauransu. Mai ciki kuwa awon jini yana cikin awon cikinta, ta tambaya a gaya mata lambar kar ta tsaya a "ba komai".

Wanda kuɗinsa ba za su kai duka ba yana iya gaya wa likita gaskiya a jera masa su bisa muhimmanci, galibi awon jini da suga da tansiyo da fitsari ake farawa da su, TSH da na hanta da ƙoda su biyo baya gwargwadon abin da aka ji a bakinsa. Don haka bayanin da zai yi yana rage masa kashe kuɗi, yaushe ta fara, akwai rama ko zazzaɓi, ya al'ada take, wane magani yake sha har da na gargajiya da na bakin titi. Waɗanda ba sa jiran a tara kuɗi su ne mai haki yana zaune, mai ciwon ƙirji, mai baƙin kashi ko aman jini, wanda ido ya yi rawaya, mai rama ba dalili, da mai jegon da ƙafarta ta kumbura ba ta iya kwanciya.